Algaita Mai Yoyo

Tun ranar Talata muryarta ta dushe,
kilarinet ɗin Tamadur,
wadda kakarta a Mai Wurno ke kira algaitar Nasara.
In ta nemi sama, sai kukan agwagwa,
in ta nemi ƙasa, iska ta sulale ta gefe
kamar ruwa a bokitin da tsatsa ta fara.

Na ɗauke su a raksha, ita da akwatin,
muka ratsa kasuwar Madani, muka wuce 'yan albasa,
har lungun Usta Dafalla,
tsohon mabushin 'yan sanda, haƙori huɗu suka yi masa saura.

Ko gaisuwa bai ƙarasa ba, ya raba ta gaɓa biyar
a kan buhun da ya shimfiɗa.
Ya cusa siririyar takarda ƙarƙashin kowane maɓalli,
ya ja, ya tsuke baki, ya sake ja.
Fata uku sun mutu, in ji shi, toshiyar tsakiya ta cinye,
ga tsaga a wuya kamar silin gashi.
"Roba ce, Tijjani, ta koyon yara.
In na taɓa ta, za ta kai ku shekara,
da rabi ma, in ba a bar ta a rana ba.
Bayan nan kada ka zo mini da ƙara."

Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin gado
ya jawo wata, naɗe da tsohon rawani,
baƙin itace, mai nauyi, maɓallanta na walƙiya.
Ya faɗi kuɗin a hankali, kamar mai sanar da rasuwa.
Na auna a zuci: tayoyin raksha duka uku,
hayar ɗaki wata biyu,
da ragon layyar da na kasa saye bara.

Malamarta ta daɗe tana gaya mini
ƙafar yarinyar ta fi takalmin.
Ni kuwa ɗan gyara ne, jikan ɗan gyara,
butar gidanmu sau uku tana zuwa wurin mai dalma.

Tamadur ta jiƙa harshen kara a bakinta, ta ɗaura, ta hura.
Ban san kan wannan kiɗa ba, kukan inji na sani,
amma na san sautin abin da babu kusa ɗaya da ta kwance.
Mai shayi a bakin ƙofa ta tsai da cokali.
Dafalla ya rufe ido.
Ni yatsanta nake kallo, ƙaramin, na dama,
yana karkacewa ya danne yoyon da babu shi,
ɗingishin da tsohuwar ta koya mata,
ta taho da shi har kan lafiyayya.

Ta gama, ta goge bakin da gefen mayafi,
ta mayar cikin rawanin, ba ta dube ni ba.
"Baba, tsohuwar ma ai tana yi."
Wannan ta fi kuɗin zafi.
Shekara sha uku, har ta iya karanta aljihuna
tun ban buɗe shi ba.

Na ce, "Usta, gyara.
Waccan kuwa ɓoye ta, kafin a tsinke auduga."
Ya ce, "Ban yi alkawari ba, ni ma ina da tukunya."
Amma da ƙafa ya tura ta can ciki,
inda hannun baƙo ba zai kai ba.

Yanzu akwai gwangwanin madara a bayan rediyo,
na huda masa baki da wuƙa.
In na dawo da dare, ƙurar hanya a gira,
nakan jefa abin da ya samu, wata rana ba komai.
A tsakar gida tana ta maimaita layi ɗaya,
fatun sababbi, wuyan ɗaure da zare,
yatsan nan bai daina karkacewa ba.
Uwarta ta ce tuwo na hucewa.
Na ce a bar ta tukuna ta hura.